Daga majemi zuwa mai saye: yadda za ku sa wa kayanku lamba, ku riƙe sawunsu in kuna aikawa Turai

Shekarun baya, wata mai kanti a kudancin Faransa da muke aika wa jakunkunan fata daga nan Yamai ta kira ni da daddare, hankalinta a tashe. Wata mata ta sayi jaka a wurinta, ta rataya kwana biyu, kafaɗarta ta yi ja, ta kama ƙaiƙayi. Abu ɗaya mai kantin ta tambaye ni: daga wane aiki wannan jaka ta fito, kuma guda nawa ne irinta? Na rasa abin cewa. Jaka sittin muka aika mata a kwali uku, dukawa huɗu suka ɗinka, fatun daga majema biyu, wasu kuma an yi musu maɗauri da wata fata mai laushi da aka sayo a kasuwa. Ba wata alama da ta raba wannan da waccan. Ta kwashe duka sittin ɗin daga kan kanta, ba ta ƙara neman kaya a wurinmu ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, mutum huɗu suka rasa aikin wata uku.

A wancan lokaci tambaya ce ta mai kanti. Yanzu doka ce. Tun ran 13 ga Disamban 2024 Tarayyar Turai ke aiki da dokar kare lafiyar masu sayen kaya mai lamba 2023/988, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 2001. Masu Faransanci na kiranta RSGP, masu Ingilishi GPSR. Ta shafi kusan duk kayan da ba na ci ba kuma ba magani ba: jaka, takalmi, alabe, sarƙa, zobe, awarwaro, tabarma, faifai, filon fata. Ba ta ware aikin hannu ba, ba ta ware ƙaramin mai sana'a ba. Baduku ɗaya a rumfarsa a ƙauyen masu sana'a na Wadata, dokar na kallonsa a matsayin mai ƙera kaya, kamar yadda take kallon babbar masana'anta.

Ku fara sanin ko ta hau kanku. Baƙon da ya zo gidan tarihi na Boubou Hama ya sayi kuros ɗin Agadas ya sa a aljihu ya tafi gida, wannan ciniki ne na nan, dokar ba ta shiga ciki ba. Amma in kwali kuke aikawa wani kanti a Faransa ko Jamus ko Beljiyam, ko kun sa kaya a intanet da farashin yuro da alkawarin kai wa mai saye har gida a Turai, to kun shiga. Ga yadda nake ba da shawarar a bi, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: ku tsai da suna da adireshi

Dokar na son kowane kaya ya zo da sunan wanda ya yi shi ko sunan kasuwancinsa, da adireshin gidan waya, da adireshin intanet da za a same shi, kamar imel. Nan mu ƴan Yamai muke fara tuntuɓe, domin adireshinmu na yau da kullum shi ne "bayan masallaci, kusa da mai shayi", sai lambar WhatsApp. Wannan ba zai wuce ba. Ku buɗe akwatin gidan waya, wato BP, da sunan ƙungiya ko na maigidan rumfa, ku buɗe imel ɗaya, ku ɗora wa mutum ɗaya nauyin duba shi ko da sau biyu a mako. In kuna da RCCM da NIF, wato rajistar kasuwanci da lambar biyan haraji, ku yi amfani da sunan da ke kansu harafi da harafi, don abin da ke jikin kaya ya yi daidai da abin da ke kan faktir da takardun duwan. In ba ku da su, ku nufi Maison de l'Entreprise, inda ake rajistar kasuwanci, tun kafin zancen kwali ya taso.

Mataki na biyu: lambar samfuri da lambar rukuni

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so ku yi haƙuri da ni in daɗe.

Abin da dokar ta nema shi ne kaya ya ɗauki lambar iri, ko ta rukuni, ko ta guda-guda, ko wata alama da za a gane shi da ita, kuma mai saye ya iya ganinta ya karanta ba wahala. Ba ta ce ga yadda za a tsara lambar ba. Ku za ku ƙirƙiri taku. Ni lamba biyu nake sa wa kowane kaya.

Ta farko tana faɗin wane irin kaya ne. Jakar mata mai maɗauri ɗaya, a ce JM1. Mai zif da aljihu biyu, JM2. Takalmin maza, TK1. Wannan lamba ba ta sauyawa muddin ɗinkin bai sauya ba.

Ta biyu tana faɗin daga wane aiki ya fito, ita ce Faransawa ke rubutawa "Lot". Misali JM2-2503-B na nufin jakar mata samfuri na biyu, wadda aka yi a watan uku na 2025, rukuni na biyu a watan. Gajeriya ce, yaron rumfa ma zai iya rubuta ta da bik.

Tambayar da kowa ke yi mini ita ce, yaushe rukuni ke ƙarewa, sabo ya fara? Ba ranar wata ke yanke wannan ba, kuma ba yawan kaya ba. Kayan haɗi ke yankewa. Duk lokacin da ɗaya daga cikin abubuwan da ke taɓa jikin mutum ya sauya, rukuni ya sauya: an ɗauko fata daga wani majemi dabam, an haɗa sabon rini, an sayo sabon ƙunshin zif ko maɓalli ko zoben ƙarfe, an buɗe wani irin gam, an sauya yadin shafi. Ko da jaka biyar kawai aka ɗinka da tsohon rinin, biyar ɗin nan rukuni ne mai zaman kansa. Na san abin na da gajiyarwa a makon farko. Amma ku dubi lissafin: in rukuninku jaka goma sha biyu ne, matsala ta fito, goma sha biyu za a janye. In ba ku da rukuni, duk abin da kuka taɓa aikawa shi ne rukunin.

Ga maƙeran azurfa abin ya ma fi sauƙi. Kowace narka rukuni ce. Abin da aka zuba a tukunya ɗaya ya narke tare, lambarsa ɗaya, ko zobe aka yi da shi ko ƴan kunne.

Akwai wani wuri da lamba ke ɓacewa ba a sani ba, shi ne wajen yanka. Fata ta shigo rumfa an rubuta mata lamba a bayanta, sai a yanka ta gunduwa-gunduwa, lambar ta tafi da gunduwa ɗaya, sauran su gauraya da na jiya. Maganin shi ne kwando ko buhu ɗaya ga kowane rukuni, da ƴar takarda ɗaure a bakinsa. Gutsattsarin da suka rage kada a zuba su wuri ɗaya a ce za a yi maɗauri da su daga baya. Ta nan ne ainihin cinikinmu na Faransa ya ɓaci.

Mataki na uku: littafin shiga da fita

Ku sayi kaye biyu masu bango mai ƙarfi. Ba sai da kwamfuta ba.

Na farko littafin shiga ne. Duk abin da ya shigo rumfa a rubuta ranar, da mene ne, da yawansa, da wanda aka saya a wurinsa, da lambar wayarsa, da inda yake zama. Majeman Gamkale ba za su ba ku faktir mai tampo ba, mai sai da zif a Babbar Kasuwa ma haka, kuma ba laifi. Ku ku rubuta. In kayan na cikin leda ko gwangwani mai rubutu, kamar rinin kanti ko gam, ku ɗauki hoton rubutun kafin a yar, domin shi ma yana da tasa lambar rukunin. A gaban kowane layi ku bar fili, inda za ku sa lambar rukunan da aka yi da wannan kaya.

Na biyu littafin fita ne. Wane rukuni, guda nawa, ran nawa ga wata, aka aika wa wa, a wane kwali, da lambar faktir. In rukuni ɗaya ya rabu gida uku, bakwai sun tafi Faransa, uku an sai da a SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata, biyu na rumfa, a rubuta duka ukun.

Dokar ta ce ɗan kasuwa ya iya faɗin wanda ya sayar masa da kaya ko kayan haɗi, da ɗan kasuwar da shi ya sayar wa, har tsawon shekara 6. Taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba. Shekara shida a rumfar da gara ke ci, ruwa ke shiga, ba wasa ba ce. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a unguwannin bakin kogi ya san abin da ruwa ke yi wa takarda. Kowane ƙarshen wata ku ɗauki hoton shafukan, ku aika wa imel ɗin nan naku. In waya ta faɗi, hotunan na nan.

Kuma daga kowane rukuni ku ajiye shaida: gutsuren fata kamar tafin hannu, zif ɗaya, zoben ƙarfe ɗaya, ɗan yankin shafi, a ambulan mai lambar rukunin. Ranar da aka ce a kai labo, wato ɗakin gwaji, ba sai an jira kaya sun dawo daga Turai ba.

Mataki na huɗu: ku san abin da ke iya cutarwa, ku rubuta shi

Dokar na son mai ƙera kaya ya zauna ya yi nazarin haɗarin kayansa kafin ya sayar, ya haɗa takardun bayani, ya ajiye su shekara 10. Jin wannan na tsorata mutane, amma ga jaka ko zobe shafi biyu ko uku ne ga kowane samfuri: hoto, bayanin kayan, abubuwan da aka haɗa shi da su, abin da zai iya cutar da mai amfani, da abin da kuka yi don kauce masa. In an yi gwaji, a liƙa sakamakon.

A fata, babban abin da Turai ke nema shi ne sinadarin kurom mai lamba shida. Tun watan Mayun 2015 an hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in wannan sinadari ya kai miligiram 3 a kilo ɗaya, saboda yana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu wuyar warkewa. Yana fitowa ne daga jimar masana'anta da ake yi da kurom, in ba a yi ta da kyau ba ko fatar ta sha zafi ta tsufa. A nan muna da abin alfahari: jimar bagaruwa da kakanninmu suka bar mana ba kurom a cikinta. Fatar jar akuyar Maraɗi da aka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi, ta fi yawancin fatun kanti kwanciyar hankali ta wannan fuska. Haɗarin na shigowa ne ta fatar da aka sayo ba a san asalinta ba, a yi shafi ko maɗauri da ita don ta fi taushi. Haka rinin gari na kanti: wasu irinsa na sakin sinadaran da Turai ta hana su wuce miligiram 30 a kilo. In za ku yi aiki da shi, ku riƙe sunansa da lambarsa.

A ƙarfe, abu uku ne. Dalma kada ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a kayan ado, kadmiyom kada ya kai kashi 0.01, sai nikel da aka ƙayyade yawan wanda zai riƙa fita daga ƙarfen da ke daɗewa a jikin mutum. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba, mun ji abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Tsantsar azurfa ba ta da matsala. Matsalar na zuwa daga tarkacen da aka zuba a tukunya don a ƙara nauyi, da abin liƙi na walda, da farin ƙarfen nan mai kama da azurfa wanda nikel ne da tagulla. Maƙerin da ya rubuta abin da ya narka a kowace tukunya ya riga ya yi rabin aikin.

Wani abu kuma na damina. Don gudun fumfuna wasu na jefa ƴan ƙullin magani a kwali. Akwai irin da Turai ta haramta tun 2009, bayan ya ƙona fatar mutane ta kujeru da takalma, sunansa DMF. Ku tsaya ga ƴan ƙullin silika masu shan raɓa, ku shanya kaya su bushe sarai kafin a rufe kwali.

Ba dole ne a gwada kowane rukuni a labo ba, kuɗin ba zai ɗauku ba. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne ku yi shawara da mai sayenku a gwada sau ɗaya ga kowane majemi da kowane mai kawo ƙarfe, sannan ku tsaya a kansu. Ga abin da ya shafi ƙa'idoji da takardun inganci na gida kuma, ANMC, hukumar Nijar mai kula da ƙa'idoji da awo da shaidar inganci, ita ce ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

Mataki na biyar: wakili a Turai

Ba a sa kaya a kasuwar Turai sai akwai wani mazaunin can da ya ɗauki alhakinsu. In kanti ko dillali ne ke shigo da kayanku, shi ne wannan mutum, kuma dole sunansa da adireshinsa su fito a kan kaya ko ƙunshinsu ko takardar da ke tare da su. In kai tsaye kuke sayar wa ɗaiɗaikun mutane ta intanet, sai kun naɗa wakili da takardar izini a rubuce. Akwai kamfanonin da ke wannan aiki da kuɗi a shekara. Wannan sharaɗi ne ya sa ƙananan masu sana'a da yawa a Ingila da Amurka suka dakatar da aika kaya Turai a ƙarshen 2024.

Kada ku ɗauki sunan ɗan'uwa da ke karatu a Faransa ku buga a kaya bai san me ya ɗauka ba. Shi hukuma za ta kira, shi za a tambayi takardu. In zai yi, ku zaunar da shi, ku ba shi kwafin komai. A ganina ƙungiya ɗaya ta dukawa ko maƙera ta haɗu a kan mai shigo da kaya ɗaya amintacce ya fi kowa ya yi ta kansa.

Mataki na shida: etiket

Yanzu sai a tattara. A jikin kayan: sunanku, BP, imel, lambar samfuri da ta rukuni. Fata na karɓar tambarin zafi, kuma ɗan ƙyalle da aka ɗinke a cikin jaka ya fi takardar da aka rataya da zare, wadda ke tsinkewa tun a kanti. Sai in kayan ya yi ƙanƙanta, kamar zobe ko ƴan kunne, dokar ta yarda a sa bayanin a kan leda ko ɗan kwalinsa ko takardar da ke tare da shi. Gargaɗi da bayanin amfani a rubuta su da harshen ƙasar da za a sayar, Faransanci a Faransa, Jamusanci a Jamus. Alamar QR ƙari ce, ba ta maye gurbin rubutu. Zanen layukan nan na kanti da ake haskawa da na'ura ba dokar ce ta nema ba, sai in mai sayenku ya buƙata. Kuma kada ku buga alamar CE a jaka ko zobe don ta yi kyau; ta wasu kaya ce na musamman, irin kayan wasan yara da na lantarki, sa ta inda ba wurinta ba laifi ne. In kuna yin raƙuma ko ƴan tsana na fata da yara za su yi wasa da su, wannan wata doka ce dabam mai tsauri, ku tambaya kafin ku aika.

In a intanet kuke tallar, duk wannan bayani ya fito a shafin kayan tun kafin a biya: hoto, lambar samfuri, sunanku da adireshi, na wakilinku, da gargaɗi.

Mataki na bakwai: ku gwada kanku kafin a gwada ku

Wata rana da ciniki ya lafa, maigida ya ɗauki jaka ɗaya daga rataye ya miƙa wa yaron rumfa ya ce, gaya mini majemin fatar nan, da inda aka sayo zif ɗin, da inda sauran ƴan'uwanta suka tafi. In ya amsa kafin shayi ya nuna, tsarinku na aiki. In ya kasa, ku nemo inda zaren ya tsinke. Yawanci a kwandon yanka ne, ko a ranar da aka yi gaggawar cika kwali aka ɗebo kaya daga rumfar maƙwabci ba a rubuta ba. Aron kaya tsakanin rumfuna ɗabi'armu ce mai kyau, ba na cewa a bari; a dai shigar da su littafin shiga da sunan wanda ya ɗinka, a ba su lambar rukuni tasu.

Ranar da ƙorafi ya zo, ku rubuta shi a shafukan ƙarshe na littafin fita: ranar, lambar rukuni, abin da ya faru, abin da kuka yi. Dokar ma na son a riƙe irin wannan rajista. Ku tsai da sayar da ragowar rukunin, ku sanar da duk wanda ya karɓi wani abu daga cikinsa, ku fito da ambulan ɗin shaida. In wani ya ji ciwo sosai, wakilinku zai kai rahoto ga hukuma ta shafin Safety Business Gateway ba tare da jinkiri ba. In aka kai ga janye kaya, ana ba mai saye zaɓi aƙalla biyu cikin uku: gyara, musanya, ko mayar da kuɗi. Kayan da hukuma ta samu da haɗari kuwa ana buga hotonsu da ƙasar da suka fito a shafin Safety Gate, inda kowa ke gani, shi ya sa gara ku ku fara janyewa da kanku.

Masu kilishi da masu albasar Galmi a jihar Tawa, dokar nan ba taku ba ce, abinci na da tasa tun 2002, amma ita ma taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba take nema, kuma kaye biyun nan za su yi muku aiki yadda suke.

A kwalin da za ku aika na gaba, ku sa takarda ɗaya a sama kafin ku rufe, mai jera lambar kowane rukuni da yawan kayan da ke cikinsa, ku rubuta lambobin a kan faktir ma, sannan ku tura wa mai sayenku hotonta a ranar da kwalin ya bar Yamai.